Darasin Kwamfuta a Kan Takarda: Yadda Afirka ta Kudu Ta Shigar da Fasahar Taswira Makarantun Sakandare

A shekarar 2006 ne ɗaliban aji na 10 a makarantun Afirka ta Kudu, waɗanda suka zaɓi darasin labarin ƙasa, suka fara cin karo da wani sabon babi a manhajar karatunsu, babin fasahar da ake kira GIS a taƙaice, wato tsarin tattara bayanan ƙasa da adana su da nazarinsu a kan taswirar kwamfuta. A 2007 babin ya bi waɗannan ɗalibai zuwa aji na 11, a 2008 kuma ya isa aji na 12, inda ya fito a jarrabawar kammala sakandare da mutanen ƙasar ke kira matirik. Daga lokacin zuwa yau ba a cire shi ba, ko da aka yi wa manhajar karatun garambawul tsakanin 2012 da 2014. Abin da ya sa lamarin ya cancanci nazari shi ne an wajabta babin a kan kowace makarantar da ke koyar da labarin ƙasa, ta birni da ta ƙauye, a lokacin da akasarin makarantun ba su da kwamfutar da ɗalibi zai zauna a gabanta yayin wannan darasi, akasarin malaman kuma ba su taɓa buɗe irin wannan manhajar kwamfuta da hannunsu ba.

Fasahar kanta ba baƙuwa ba ce a duniya a wancan lokaci. Tun a farkon shekarun 1960 Roger Tomlinson ya jagoranci kafa irinta ta farko a Kanada domin ƙididdige filayen ƙasar da amfaninsu. Tushen tunaninta mai sauƙi ne: maimakon a cusa komai a taswira ɗaya, sai a ware kowane nau'in bayani a fallensa, koguna a falle guda, hanyoyi a wani, gidaje a wani, irin ƙasar noma a wani, sannan a haɗa kowane abu da ke kan fallen da jadawalin bayanansa, ta yadda ɗigon da ke wakiltar asibiti zai ɗauki sunan asibitin da yawan gadajensa da ma'aikatansa. Idan aka ɗora fallayen a kan juna, mai nazari zai iya yi wa kwamfuta tambaya, ya ce ta nuna masa gidajen da ke tsakanin mita 100 daga bakin kogi, ko ƙauyukan da suka yi wa asibiti nisan fiye da kilomita 5, ta fitar masa da amsa nan take. Wannan ikon yin tambaya da samun amsa shi ne ya bambanta fasahar da taswirar da ake rataye wa a bangon aji.

Afirka ta Kudu tana da dalilin da ya fi na akasarin ƙasashe ƙarfi na son 'ya'yanta su iya karanta ƙasa, domin a can da taswira aka gina zalunci. Dokar filaye ta 1913 ta keɓe wa baƙar fata, waɗanda su ne mafi rinjaye, kimanin kashi 7 cikin 100 na ƙasar, aka ƙara shi zuwa kimanin kashi 13 a 1936. Dokar rarraba unguwanni ta 1950 ta shata wa kowane jinsi inda zai zauna a birni, aka kuma riƙa barin fili ko layin dogo ko masana'antu a tsakani domin su zama shinge. Wanda ya dubi hoton sama na Johannesburg a yau zai ga unguwar Alexandra mai cunkoso, da gidajen kwano da suka gangara har bakin kogin Jukskei, tana fuskantar Sandton mai dogayen benaye da lambuna, babbar hanya ce kawai da 'yar tazara ke raba su. Bayan zaɓen 1994, wanda ya kawo ƙarshen mulkin wariyar launin fata, aikin mayar da filaye ga masu su, da kai ruwa da lantarki unguwannin da aka yi watsi da su, da ƙidayar jama'a, duk sun buƙaci ma'aikatan da suka san wannan fasaha, ga shi kuma sun yi ƙaranci. Saboda haka shawarar shigar da ita sakandare, a ganina, shawara ce mai kyau, kuma masu tsara manhajar sun hangi abin da ya kamata a hanga.

A wancan lokaci kuma gwamnati ta ɗauki wani alkawari. Takardar manufa kan ilimi ta hanyar na'ura da aka fitar a 2004 ta ƙudurta cewa zuwa 2013 kowane ɗalibi a ƙasar zai iya amfani da fasahar sadarwa ta zamani. Lardin Gauteng ya riga ya fara shirinsa na Gauteng Online, Lardin Western Cape kuma yana da shirin Khanya, dukkansu na sanya ɗakunan kwamfuta a makarantu. Wanda ya rubuta babin GIS a wancan yanayi yana da hujjar zaton cewa na'urorin suna hanya, babin zai riga su isowa da 'yan shekaru ne kawai.

Matsalar farko da ta bayyana ba ta na'ura ba ce, ta malami ce, kuma har yanzu ita ce mafi nauyi. Da yawa daga cikin malaman labarin ƙasa da ke aji a 2006 sun fito ne daga kwalejojin horar da malamai na zamanin wariyar launin fata, waɗanda aka rufe ko aka haɗe da jami'o'i a wajajen 2001, kuma a zamanin karatunsu ba a koyar da wannan fasaha a irin waɗannan kwalejoji. Wasu ma karatun taswirar takarda, da lissafin gangara da tazara da kusurwa, bai gama zauna musu ba, saboda tsarin ilimin da aka kafa wa baƙar fata da dokar 1953 bai damu da ba su wannan ba. Horon da aka ba su kafin fara sabon babin gajere ne, na 'yan kwanaki, galibi bayani ne da baki a zauren taro. Malamin da ya koma makarantarsa da irin wannan guzuri, ya tarar da ɗalibai hamsin ko fiye suna jiransa, abin da zai yi a fili yake: zai rubuta ma'anar kalmomin a allo kamar yadda suke a littafi, ɗalibai su kwafa, su haddace. Ba na ganin laifinsa ko kaɗan, domin an aike shi ne ba tare da an nuna masa hanya ba.

Daga nan jarrabawa ta shigo ta tabbatar da wannan hali. Labarin ƙasa yana cikin darussan zaɓi da suka fi tara jama'a a ƙasar, a 'yan shekarun nan masu rubuta shi a matirik sun haura 300,000 a shekara. Hukumar da za ta jarraba wannan adadi da takarda iri ɗaya, a rana ɗaya, daga makarantun kuɗi na Cape Town har zuwa makarantun karkarar Limpopo da Eastern Cape, ba ta da halin cewa kowa ya zauna a gaban kwamfuta, domin yin hakan tamkar kayar da 'ya'yan talakawa ne tun kafin a raba takarda. Sai aka tsaya a kan abin da kowa zai iya riƙewa a hannu: taswirar ƙasa mai ma'aunin 1:50,000, da hoton sama da aka daidaita mai ma'aunin 1:10,000, da alƙalami da rula. A tsarin da aka bi har zuwa 2020, takardar aikin taswira tana da maki 75 daga cikin 300 na darasin gaba ɗaya, tambayar GIS kuma maki 15 ce a ciki. Daga 2021 aka raba darasin zuwa takardu biyu masu maki 150 kowace, kowace da sashen taswira mai maki 30, inda GIS ke da maki 8. Ko ta wace hanya aka lissafa, rabon fasahar bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 ba, kuma ana iya cinye shi duka ba tare da an taɓa na'ura ba.

Tambayoyin da ke fitowa suna nuna haka. A ce ɗalibi ya bambanta bayanan da ake zanawa da ɗigo da layi da kewayayyen fili daga waɗanda ake tsarawa cikin ƙananan gidaje jere kamar ramukan dara, irin hoton tauraron ɗan'adam. A ce ya nuna wani abu a taswirar da ke gabansa wanda layi ne, ko ya faɗi fallayen bayanai biyu da manomi zai duba kafin ya buɗe gona a wani wuri, ko ya bayyana amfanin shata tazara a gefen kogi. Tambayoyi ne masu ma'ana, wasunsu ma suna sa tunani. Amma malamin da lokaci ya ƙure masa, yana da babin yanayi da na koguna da na birane da na tattalin arziki a gabansa, ya san cewa shafi biyu na ma'anoni sun isa su kawo wa ɗalibinsa waɗannan maki, don haka ba shi da wani dalilin da zai sa ya yi faɗi-tashin neman ɗakin kwamfuta. Adalcin da ya hana a jarraba ɗalibai a kan na'ura shi ne kuma ya cire wa makarantu matsin da zai sa su nemi na'urar, kuma wannan kulli ne da ba a kwance ba tun 2008.

A cikin wannan ƙunci ne aka samu mafita da ta fi komai jan hankalin masu nazarin ilimi daga wajen ƙasar, wato koyar da fasahar a kan takarda. Sashen labarin ƙasa na Jami'ar Pretoria, tare da reshen ƙasar na Esri, kamfanin da ke yin manhajojin kwamfuta na GIS, sun haɗa wani ƙunshin kayan aiki domin makarantun da ba su da hali, kuma a 2011 Gregory Breetzke da Sanet Eksteen da Erika Pretorius suka wallafa bayaninsa a mujallar Journal of Geography. Kayan ba su da tsada: taswira, hoton sama, takardu masu shara-shara da ake hango abin da ke ƙarƙashinsu, alƙaluma masu launi, da littafin jagora. Ɗalibi zai shimfiɗa takarda mai shara-shara a kan taswira, ya fara da sa alama a kusurwoyi huɗu domin duk fallen da zai zana ya zauna daidai a kan ɗan'uwansa, sannan ya bi koguna kaɗai da shuɗi. Ya ɗauko wani falle ya bi hanyoyi da ja, wani kuma ya zagaye gonaki ko gine-gine. Idan aka ce ya shata tazarar mita 250 a gefen kogi, dole ya tsaya ya yi lissafi: a ma'aunin 1:50,000 santimita ɗaya tana daidai da mita 500 a ƙasa, don haka milimita 5 zai auna a kowane gefe, ya bi kogin da ita duk inda ya karkata. Idan ya gama ya ɗora fallen gine-gine a kan wannan, ya ɗaga su zuwa hasken taga, sai ya ga da idonsa gidajen da suka faɗa cikin yankin da ambaliya za ta iya ci.

Ina ganin wannan hanya ta fi ƙarfin a kira ta maneji. Ita ce ainihin hanyar da masu tsara ƙasa suka bi kafin kwamfuta ta karɓi aikin, kuma Ian McHarg ya shahara da ita a littafinsa na 1969 kan tsara gari bisa la'akari da yanayin ƙasa. Yaron da ya auna milimita 5 da rularsa ya san abin da kwamfuta ke yi idan aka danna mata umarnin shata tazara, ya kuma san dalilin da ya sa fallaye biyu ke ƙin haɗuwa idan ma'auninsu ya saɓa, alhali wanda ya fara da danna maɓalli yana iya fitar da taswira mai kyan gani ba tare da ya fahimci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ƙasar da ambaliyar watan Afrilun 2022 ta hallaka mutane fiye da 400 a Durban da kewayenta, da yawansu mazauna gangaren tudu da bakin rafi, darasin da ke nuna wa ɗalibi inda ruwa zai bi ba ƙaramin darasi ba ne, ko da fensir aka koyar da shi.

Sai dai takarda tana da iyakar da ba ta tsallakewa. Ba a iya yi mata tambaya. Ɗalibin da ya ɓata rabin sa'a yana shata mita 250, idan aka ce masa to a gwada mita 500, sai ya sake sabon zane daga farko, alhali a kwamfuta lamba ɗaya zai canja, kuma a wannan sauƙin gwaji da sake gwaji ne ɗalibi ke koyon tambayar "idan aka yi kaza fa?" Jadawalin bayanai, wanda shi ne rabin fasahar, kusan ba ya samun wuri a kan takarda. Bayan haka taswirar da ke hannunsa ta wani gari ce da hukuma ta buga, ba ta unguwarsu ba, ba shi ya tattara bayanan ba, ba kuma zai iya ƙara famfon da ya lalace a layinsu a kanta ba. Illar da ta fi damuna ita ce yadda mafitar wucin gadi ke zama dalilin jinkiri: da zarar an ga ɗalibai suna cin jarrabawa da takarda, sai hankalin masu kasafi ya kwanta, ɗan makarantar kuɗi ya ci gaba da aiki da na'ura, ɗan makarantar kyauta ya tsaya a fensir, ratar da aka so cikewa ta koma inda take.

An yi ƙoƙarin kawar da uzurin tsadar manhajar kwamfuta tun da wuri. A 2009, da tallafin ofishin Ma'aikatar Harkokin Filaye na Lardin Eastern Cape, Tim Sutton da Otto Dassau da Marcelle Sutton suka rubuta wani littafin gabatarwa mai suna A Gentle Introduction to GIS, wanda aka gina a kan QGIS, manhajar da kowa ke iya saukewa kyauta ya raba wa wanda ya so. Littafin yana bin batutuwan ɗaya bayan ɗaya cikin harshe mai sauƙi, a ƙarshen babi kuma yakan ba malami shawarar abin da zai yi da taswira da takarda mai shara-shara idan ba shi da kwamfuta, alamar cewa marubutan sun san ajin da suke rubuta wa. Littafin da aka yi domin malamai da ɗaliban lardi ɗaya yau yana cikin takardun koyarwa na QGIS da ake karantawa a duniya. Daga baya ƙungiyar malaman labarin ƙasa ta kudancin Afirka, SAGTA, ta samar da shafin da malami zai iya sauke taswirar yankin makarantarsa ya buga, wanda ya rage dogaro da taswirar garin da ɗalibai ba su taɓa zuwa ba.

Duk da haka manhaja kyauta ba ta kunna kanta. Inda aka samu ɗakin kwamfuta, sau da yawa darussan kwamfuta na musamman ne ke riƙe da shi, domin su ne ake jarrabawa a kan na'ura, malamin labarin ƙasa kuma sai ya roƙi sa'a guda. Sata ta addabi ɗakunan da aka buɗe, ta kuma bi ƙananan kwamfutocin hannu da Gauteng ta fara rabawa a 2015. Ɗauke wuta bi-da-bi da kamfanin Eskom ya fara tun ƙarshen 2007, ya kuma tsananta a 2022 da 2023, ya sa darasin da aka shirya a kan na'ura yana iya rushewa ba shiri. Ga kuma batun harshe, wanda ba a cika ambata ba: ana rubuta matirik ne da Ingilishi ko Afirkans, alhali akasarin ɗalibai da Zulu ko Xhosa ko Sotho ko wani harshen gida suke tunani, don haka kalmomin fasahar suna zo musu a matsayin baƙin sunaye na abubuwan da ba su taɓa gani ba, cikin harshen da ba nasu ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma ɗalibin da aka nuna wa hoton tauraron ɗan'adam aka yi ta matso da shi har ya farfashe zuwa ƙananan murabba'ai ba ya buƙatar a fassara masa ma'anar kaifin hoto.

Mai karatu a Najeriya zai ga kamar labarin gida ake ba shi, kuma da gaskiyarsa, domin manhajar labarin ƙasa ta babbar sakandare a nan ma ta ƙunshi GIS, WAEC kuma tana tambaya a kanta a kan takarda. Bambancin da ke akwai shi ne ɗalibin Kano yana zaune a garin da aka yi amfani da wannan fasaha a zahiri, lokacin da aka zana taswirorin ƙauyuka da rugage daga hotunan sama, aka kuma riƙa bin sawun masu rigakafin shan inna da wayoyi masu GPS domin a gano inda ba su taka ba, amma da wuya a ji an kawo wannan misali cikin ajinsa.

Abin da ya sauya a Afirka ta Kudu tun 2006 shi ne na'urar da aka yi ta jira ta iso ta wata ƙofa dabam. Lokacin da aka fara koyar da babin, Google Earth bai fi shekara ɗaya da fitowa ba, OpenStreetMap, taswirar intanet da jama'a ke zanawa da kansu, yana jariri, hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat kuma sai a 2008 aka sake su kyauta. Yau wayar da ke aljihun malami, da ta ɗalibai da dama, tana nuna inda mutum yake tsaye da kuskuren 'yan mitoci, tana ɗaukar hoto haɗe da wurin da aka ɗauke shi, kuma akwai manhajojin tattara bayanai da ke aiki ko babu intanet. A farkon 2018, lokacin da fari ya kusa ƙafar da famfunan Cape Town, hukumar birnin ta wallafa taswira a intanet da ke nuna gidajen da suka kiyaye ƙa'idar amfani da ruwa, mazauna gari suka riƙa duba layinsu a waya. Fasahar ta shiga rayuwar yau da kullum ta iyayen ɗaliban, ajin ne ya rage a baya.

Ƙofar da na ga ta fi kusa a buɗe tana cikin tsarin da ake da shi. Kashi 75 cikin 100 na sakamakon matirik daga jarrabawar ƙarshe yake fitowa, kashi 25 kuma daga ayyukan da makaranta ke tantancewa a cikin shekara, kuma a labarin ƙasa akwai aikin bincike a cikinsu. Wannan aiki ba ya buƙatar ɗalibai 300,000 su zauna a gaban kwamfuta a rana ɗaya. Yana buƙatar malami guda da aka zaunar da shi ya yi aikin da hannunsa har ya saba, da wayoyi biyar ko shida da za a raba wa rukunoni, da kwamfuta ɗaya mai QGIS da za a tara bayanan a kanta. Aji ɗaya a Alexandra zai iya bin gaɓar Jukskei a mako biyu, ya ɗauki wurin kowane gida da kowace magudanar da shara ta toshe, ya dawo ya shata mita 50 da mita 100 a kwamfuta bayan ya fara gwada su da rula a kan hoton sama, inda mita 100 ke zama santimita ɗaya cif, sannan ya buga taswirar ya kai wa kansilan mazaɓar kafin ruwan bazara ya sauka a watan Oktoba.